Kyamara ba ta saukowa daga kan turke

Duk ranar da aka fizge wa wata baiwar Allah jaka a bakin kwalta, ko aka wayi gari aka tarar an ɓalle shago a kasuwar Katako ko Wadata a nan Yamai, magana ɗaya ce ke zagaya fada-fada da cikin taksi: a kafa kyamarori a tsakiyar gari, ƴan sanda su zauna a ofis suna kallon kowa, ɓarawo ya rasa inda zai sa kansa. Ban ga laifin masu wannan magana ba. Wanda aka raba da babur ɗin da ya ci bashi ya saya, dogon bayani ba ya gabansa, so yake a ce masa gobe ba za a sake ba. Ga shi kuma kyamara abu ce da ido ke gani. In an kafa ta, mai wucewa zai ɗaga kai ya ce lalle hukuma na aiki.

Ni dai a ganina Yamai na da wuraren da kyamara za ta amfana, amma ba su da yawa, kuma ba su ake nufi ba in ana cewa a sa ido ko'ina. In aka zuba kuɗi aka rufe tsakiyar gari da kyamarori alhali ba a tanadi wutar da za ta riƙe su ba, ba mutumin da zai zauna yana kallo, ba motar da za ta taso in an ga abu, ba kuma dokar da za ta fayyace wanda ke da izinin ganin hoton, to an sayi sirdi ne babu doki.

Aiki biyu ake ɗora wa kyamara, kuma masu sayar da ita sun fi son a cakuɗa su. Na farko, ta tsorata mai niyyar ɓarna har ya fasa. Na biyu, in ɓarnar ta riga ta auku, ta taimaka a gano wanda ya yi. Mutanen gari na farkon suke so. Abin da kyamara ta fi iyawa kuwa na biyun ne, shi ma sai in an dace.

Ba mu ne za mu fara ba, don haka ba sai mun yi ta hasashe ba. Ingila ta riga kowa zurfafawa a wannan harka. A shekarun 1990, fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin da ma'aikatar cikin gidansu ta ware don rigakafin laifi, a kan kyamarori ya ƙare. A 2005 ma'aikatar da kanta ta fitar da sakamakon binciken da ta sa aka yi mata a kan tsare-tsare 13 da aka kafa a tsakiyar garuruwa da unguwanni da wuraren ajiye motoci. Wuri ɗaya tak aka iya bugun ƙirji aka ce laifi ya ragu kuma kyamara ce sanadi, shi ma ɗin wurin ajiye motoci ne. A 2009 wani rahoton cikin gida na ƴan sandan Landan ya fito fili, yana cewa a shekara guda, kowace kyamara 1,000 laifi ɗaya ta taimaka aka warware. Sai kuma a 2019 masanin nazarin laifuffuka Eric Piza da abokan aikinsa suka tattara binciken shekara 40 daga ƙasashe daban-daban suka auna. Sun samu raguwar laifi ta kusan kashi 13 cikin 100 in an haɗa komai. A wuraren ajiye motoci raguwar ta kai kashi 37. A tsakiyar gari kuwa, abin da aka gani bai kai a kafa hujja da shi ba, kuma laifuffukan duka da sara ba a ga kyamara ta rage su ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wurin ajiye motoci kewaye yake, an san ƙofar shiga an san ta fita, akwai haske, akwai mai gadi a kusa. Ɓarawon mota kuma mutum ne mai lissafi, yakan tsaya ya duba hagu da dama kafin ya taɓa. Amma wanda zuciya ta ɗebe shi ya zaro wuƙa, ko yaron da ya sha tramol ya hau bayan babur, ba ya ɗaga kai ya duba turke. Mu ma nan muna da shaidar haka ba tare da wata na'ura ba. Je ka bakin kowace kasuwa a garin nan ka ga yaron da ke gadin babura: ya ja igiya ya kewaye fili, ya bar ƙofa ɗaya, ya rubuta lamba da alli a kan kujerar babur ɗinka, ya miƙo maka guntun kwali mai lamba iri ɗaya, ka ba shi dala ashirin. Da wuya ka ji an saci babur a hannunsa. Abin da ke tsare babur ɗin shi ne ƙofa ɗaya da mutum a tsaye a bakinta. In ka ƙara masa kyamara, ta ƙara masa ƙarfi. In ka sallame shi ka bar kyamara, ranar ka dawo gida a ƙafa.

Kawuna yana sayar da atamfa da shadda, kuma yana cikin ƴan kasuwar farko da suka sa kyamara a shago da kuɗin aljihunsu. Ƙaramar talabijin ɗin tana nan kusa da akwatin kuɗi, ya lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Wata rana cikin hunturu aka fizge wa wata mai sayayya jaka daidai ƙofar shagon, da salularta da kuɗin kayan ɗakin ɗiyarta a ciki. Muka zaunar da ita, aka ba ta ruwa, yaron shago ya shiga mai da hoton baya har muka kai wurin. Ga abin nan ƙarara: mutum biyu a kan babur, na gaba da hular kwano, na baya ya rufe hanci da baki kamar yadda rabin mutanen gari suka rufe ranar saboda hazo. Hannu ya miƙo, jaka ta tafi. Bayan babur ɗin babu lamba. Gilashin kyamarar ma ƙura ta yi masa yana-yana, ko launin rigar sai da muka yi gardama a kai.

Muka zuba hoton a kile, wato USB, muka kai wata komisariya. Jami'in da muka tarar ya karɓe mu da mutunci, ya kalla, ya sake kalla, sannan ya juyo ya ce, "Alhaji, kai wa ka gani nan?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum biyu na gani."

Ya ce, "To ni ma su na gani."

Ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce in an samu labari za a kira. Ban zarge shi ba, don ko ni aka ba wannan hoton aka ce in nemo mai shi a garin da ƙidayar 2012 ta riga ta ba shi mutum fiye da miliyan ɗaya, ban san ta inda zan fara ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali daga baya ya biyo. Ashe yaron shago ya ɗauki hoton da salularsa ya tura wa abokansa ta WhatsApp, da kyakkyawar niyya, ko wani zai gane su. Kafin isha'i hoton ya dawo mana daga hannun mutanen da ba mu sani ba, har an liƙa masa sunan wani yaro na wata unguwa, wai rigar ƙwallon da ke jikin na bayan irin tasa ce. Rigar da yara nawa ke sawa a garin nan! Kowa ya san abin da ke biyo bayan ihun "ɓarawo" a kasuwa. Sai da kawu ya tashi da kansa ya je wurin mai unguwarsu ya ce shi bai ambaci sunan kowa ba, aka samu ƙurar ta lafa.

Wannan rufe fuska da na ambata ba ƙaramar magana ba ce, kuma masu kawo mana tsari daga waje ba su cika lissafa ta ba. A Yamai mutumin kirki na da dalilai da yawa na rufe fuskarsa. Akwai mai rawani wanda gadonsa ne, akwai mai niƙabi, akwai mai tsoron hazo da mura, akwai ɗan kabu-kabu da ƴan sanda da kansu ke tare shi in bai sa hular kwano ba. Ba za ka hana ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya rage wa kyamara ta kama shi ne lambar abin hawa, ita kuwa sai in akwai ta, kuma sai in rajistar da ke bayanta na nuna mai babur ɗin na yau, ba wanda ya sayar da shi hannu uku da suka wuce ba. Sauƙaƙa wa talaka yin takardun babur, a rage kuɗin, a rage jeka-ka-dawo, aiki ne maras ƙyalli da ba a yanka masa kirtani a gaban ƴan jarida. Amma in ba a yi shi ba, kyamarar ba ta da abin karantawa.

Wani zai ce ai yanzu akwai na'urar da ke gane fuska da kanta. Akwai. A ƙarshen 2019 hukumar auna ingancin fasaha ta gwamnatin Amurka ta gwada irin waɗannan manhajoji 189, ta tarar da yawansu sun fi yin kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani in fuskar ta mutanen Afirka ta Yamma ce ko ta Gabas, a wasu ma kuskuren ya ninka sau 10 zuwa 100 a kan na fuskar Bature. A watan Janairun 2020 ƴan sandan Ditroit suka kama wani baƙar fata mai suna Robert Williams a ƙofar gidansa, gaban matarsa da ƴaƴansa, saboda na'ura ta ce shi ne a hoton satar agoguna. Ba shi ba ne. Ya kwana a tsare, wajen awa 30. Shi ya samu lauyoyi da jaridu suka tsaya masa har duniya ta ji. Ɗan ga-ruwa ko mai turin baro da na'ura za ta nuna a Boukoki, wa zai tsaya masa?

Sai maganar wuta, wadda ba sai na tsawaita ba don kowa na cikinta. Kafin Agustan 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da muke sha daga Najeriya yake zuwa, kuma mun ga yadda gari ya koma da aka katse layin lokacin takunkumin CEDEAO. Tashar lantarki ta Gorou Banda ta rage matsalar, madatsar Kandadji kuma har yanzu jiranta ake. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 ya doshi 45, sa'ad da na'ura ta fi buƙatar sanyi, lokacin ne aka fi ɗauke wuta. Kyamara ɗaya a kan turke na buƙatar batir, da waya ko layin da zai kai hoton cibiya, da ɗakin ajiya mai sanyi dare da rana, da wanda zai hau tsani ya goge gilashi duk bayan guguwa. Ruwan 2020 da na 2024 sun nuna mana abin da ambaliya ke yi wa duk abin da aka binne a ƙasa. Wanda ke son ya san yadda muke riƙon kayan gwamnati bayan an gama bikin buɗewa, ya ƙirga fitilun ba da hannu da ke aiki a hanyarsa ta zuwa aiki gobe da safe.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2010 gwamnatin Najeriya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar kusan dala miliyan 470 ta Amurka don kafa tsarin sadarwar tsaro, har da kyamarori kimanin 2,000 a Abuja da Legas, mafi yawan kuɗin kuma bashi ne daga bankin Sin. An kafa turaku, an ɗora farantan hasken rana. Bayan ƴan shekaru sai ga turakun a tsaye ba sa ganin komai, an kwashe batura da farantan wasu. Bam ɗin tashar Nyanya ya tashi a Afrilun 2014, shekaru bayan sa hannu a kwangilar. Majalisar wakilansu ta yi ta bincike, a 2023 har wata kotun tarayya ta umarci gwamnati ta fito ta yi bayanin yadda aka kashe bashin. Bashin kuwa bai lalace tare da kyamarorin ba, biyansa ake. Najeriya ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba.

A ce ma an shawo kan duk wannan, wuta ta tsaya, hoto ya fito tas. Jami'i na zaune a cibiya ya ga ana ƙwatar salula a kusa da gadar sama ta Mali Bero. Sai me? Kyamara ba za ta sauko ta riƙe hannun ɓarawo ba. Sai ya kira, sai akwai wanda zai amsa, sai akwai mota ko babur a kusa, sai akwai mai a cikin tankin. Binciken 2019 ɗin nan da na ambata ya nuna cewa inda aka ga amfani shi ne inda ake da mutane suna kallo kai tsaye kuma aka haɗa kyamarar da wasu matakai. Inda aka bar ta tana naɗar hoto kawai don wata rana, ba a ga wani abin kirki ba. Tambayar da ta kamata a fara yi ke nan: in ka kira 17, lambar ƴan sanda, da ƙarfe biyun dare daga Koira Tegui ko Niamey 2000, minti nawa kafin ka ga fitilar mota? In amsar ba ta da daɗi, to kuɗin farko na man sintiri ne da albashin wanda zai yi sintirin.

Akwai kuma tambayar wa za a tsare. In an ce tsakiyar gari, ana nufin Plateau, da ma'aikatun gwamnati, da bankuna, da manyan otal-otal ɗin da aka gina gabanin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Waɗannan wurare da ma suna da sojoji da masu gadi da kyamarorin kansu. Inda mace ke tsoron fita sayen maganin yaro bayan isha'i kuwa, can ne bayan gari, unguwannin da suka tsiro ba kwalta ba fitila, da gefen dajin nan na bedi da aka shuka ya zagaye gari. Masu bincike sun ce ba kullum laifi ke ƙaura daga inda aka sa kyamara ya koma maƙwabta ba, na kuma yarda da su. Amma kuɗin gwamnati ɗaya ne. Abin da aka kashe a Plateau, Talladje ba za ta gan shi ba.

Da ni za a tambaya, fitila zan fara saye. A Niyok an yi gwaji a 2016, aka ƙara haske a wasu rukunan gidajen talakawa aka bar wasu yadda suke, aka tarar manyan laifuffukan dare a waje sun ragu da kusan kashi 36 cikin 100 inda aka haska. Fitila ba ta buƙatar cibiya, ba ta ajiye sirrin kowa, in ta mutu kuma duk unguwa ta san ta mutu, a je a yi ƙorafi. Inda aka kafa ta, kafin sati mai shayi ya kawo teburinsa, mai balangu ya hura wuta, ƴan fada su jawo benci, ɗalibai masu shirin jarrabawar BEPC da BAC su zo da allonsu su yi ta lissafi har tsakar dare. Waɗannan idanu ne masu ƙafafu, sun san ɗan unguwa sun san baƙo, in an yi ihu kuma za su taso.

Yanzu ga wadda ta fi kowace nauyi a wurina, ita ce kuma aka fi saurin kawar da kai daga gare ta. Da ka ɗago maganar sirri sai a ce maka wanda bai yi laifi ba me zai tsorata. Wannan magana ba ta yi kama da tarbiyyarmu ba. Mu ne muke roƙon Allah ya rufa mana asiri safe da yamma, ba don mun yi sata ba. Mu ne muke gina zaure don kada baƙo ya hango tsakar gida. Matar da ta shiga asibiti neman maganin haihuwa ba ta so dangin miji su sani. Magidancin da ya kai kayan ɗakinsa kasuwa don ya biya kuɗin haya ba ya so a gan shi. Wanda ya je kotu, wanda ya je gidan tsohuwar matarsa duba yara, yarinyar da ta tsaya gaisawa da wani a bakin hanya, duk ba su karya doka ba, amma hoton minti ɗaya ya isa ya kashe aure ko ya zubar da mutuncin gida. Yamai kuwa duk girmanta kowa ɗan'uwan wani ne. Wanda ke zaune gaban allon a cibiya yana da aboki mai kishi, yana da yaya mai neman a duba masa inda matarsa ta je ranar Talata, yana kuma da salula a aljihu, irin ta yaron shagon kawuna.

Sama da wannan akwai hukuma ita kanta. A Yuganda gwamnati ta kashe kusan dala miliyan 126 ta Amurka a kan kyamarorin Huawei da sunan yaƙi da masu kisa a kan babura. Da aka yi zanga-zangar Nuwamban 2020 bayan kama ɗan adawa Bobi Wine, ƴan sandan ƙasar da bakinsu suka ce da hotunan kyamarorin suka bi mutane suka kama. Ba ina cewa haka za a yi a nan ba. Ina tuna mana ne cewa ƙasar nan ta ga sauyin mulki ta hanyar soja a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023, kuma duk wanda ya zo yakan gaji kayan aikin wanda ya tafi. Dandalin da ke gaban majalisar dokoki ya ga masu zanga-zangar adawa, ya ga masu gangamin goyon baya, wani lokaci ma mutanen ɗaya ne, shekarun ne suka bambanta. Wanda ya kafa kyamara a can yau yana ganin abokan hamayyarsa zai kalla, bai san ranar da za a kalle shi da ita ba. Don haka kowane ɓangare kake, amfaninka ne a ɗaure na'urar da doka tun kana da bakin magana.

Dokar ma ba daga sama za a faro ta ba. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, aka sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da aka kafa don wannan aiki. Sai dai a gefe guda akwai dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka mai da hukuncin ɗauri a cikinta a 2024, da dokar 2020 da ta ba da damar sauraren sadarwar mutane saboda tsaro. Hannun hukuma ya riga ya yi tsawo. Abin da ya rage shi ne a rubuta, da harshen da kowa zai gane, a karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci: kwana nawa ake ajiye hoto kafin a goge, wa ke da izinin buɗe shi, a rubuce sunan duk wanda ya buɗe da dalilinsa, kada a fitar da shi sai da takardar alƙali, wanda kuma ya tura shi WhatsApp ya san aikinsa ya tafi kuma kotu na jiransa. A Faransa doka ta ce kada ajiyar ta wuce wata ɗaya in ba bincike ake ba, kuma dole a kafa allo a shaida wa mutane cewa ana ɗaukarsu. Su ɗin ma, kotun binciken kuɗinsu ta ce a 2020 ba ta ga wata alaƙa tsakanin yawan kyamarori da raguwar laifi a garuruwansu ba.

In kuma da gaske shaida ake nema, to shaida ba ta zaɓen wanda za ta gani. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 an harbe ɗalibai a gadar Kennedy, har yau kowace shekara ƴan makaranta na fitowa suna tambayar wa ya ba da umarni. Da akwai hoto, kuma da hoton na hannun wanda ba shi ake tuhuma ba, da tambayar ba ta kai yau ba. Shi ya sa nake ganin kyamarorin farko da ya kamata a saya, a kafa su a ɗakunan tsare mutane na komisariyoyi da shingayen bincike na kan hanya. Jami'i mai gaskiya zai fi kowa murna, don ranar da aka yi masa ƙazafin duka ko karɓar na goro, yana da abin da zai wanke shi. Ranar da mutanen gari suka ga hukuma ta yarda a kalle ta, ba za su yi gardama ba in ta ce za ta kalle su.

Wuraren da na ce kyamara za ta amfana su ne masu kama da filin yaron nan mai igiya, wato masu ƙofa. Kogin Kwara ya raba garin biyu, gadoji uku ne ke haɗa shi: Kennedy, da ta Sin, da ta Janar Seyni Kountché. Manyan hanyoyin fita ƙidayayyu ne, ta Dosso, ta Tillaberi, ta Ouallam, ta Filingue, ta Torodi da ta Say. Ƙara da tashoshin mota, da ƙofofin Babbar Kasuwa, da wuraren ajiye babura. A Janairun 2011 da aka sace Faransawa biyu daga wani gidan abinci a Plateau, da mota aka fita da su aka nufi iyakar Mali. A irin wannan dare, sanin hanyar da mota ta bi da lokacin da ta bi abu ne mai tsada, kuma kyamara mai karanta lamba a bakin gari za ta iya ba da shi. Ko a nan ɗin kada a yi mana alƙawarin da ya wuce ƙima: kyamarorin Landan sun nuna fuskokin waɗanda suka tayar da bama-bamai a Yulin 2005, amma bayan sun tayar.

Kafin a sa hannu a kowace kwangila, ko ta Yamai ko ta Tawa in abin ya kai can, ina so hukumar gari ta faɗa mana abu uku a fili. Nawa ne kuɗin saye, kuma bashi ne ko daga baitulmali. Nawa ne kuɗin riƙo a kowace shekara, da gyara da batir da albashin masu kallo, kuma daga wane aljihu zai fito bayan kamfanin ya tattara injiniyoyinsa ya koma gida. Sannan a yi alƙawarin cewa duk ƙarshen shekara za a fito a ce kyamara kaza muka kafa, kaza ke aiki yau, shari'a kaza aka yanke da hotonsu. In lissafin ya yi kyau bayan shekara biyu, a ƙara wasu. In bai yi ba, a mai da sauran kuɗin kan fitilun Lazaret da Banifandou.